Mahaucin da ba ya katse mawaƙi

Duk wanda ya saba sayen nama a babbar kasuwar Garwa ya san teburin Habibu, ko da bai san sunan mai shi ba. Shi ne na uku in ka shigo ta ƙofar masu kilishi, inda za ka ji sautin da ba shi da wata dangantaka da nama yana tashi daga wata 'yar sifika. Habibu gajere ne mai kaurin damtse, shekarunsa hamsin da bakwai, sikelinsa ba ya ƙarya, kuma ba ya cusa wa mace ƙashi a ƙarƙashin tsoka don ya ga hankalinta na wani wuri. Aibinsa ɗaya ne, taurin kai. Kuma irin taurin kan nan ne da aka naɗe da ladabi, wanda ya fi kowane ban haushi, domin ko faɗa ba ka samun damar yi da mai shi yadda ranka yake so.

A wajen ubansa ya gaje shi. Karimu mutumin Mokolo ne da ya gangaro Garwa da wuƙarsa tun yana saurayi, ya kafa tebur a zamanin da makaɗan kalangu ke zagaya mahauta kowace safiya. Kalangu kiɗan mahauta ne tun asali, kuma kowane mahauci da takensa, wato kiɗan da aka san na shi kaɗai ne, ana yi ana kiran sunansa da na matarsa da garinsu. Karimu ya kafa wa gidansa doka biyu game da makaɗa. Ba a katse su sai sun dire da kansu, kuma ba sa barin teburi hannu banza, ko da ɗan yankin hanta ne. Habibu ya taso ya ga haka, bai taɓa tambayar dalili ba. Shekara talatin ke nan da rasuwar Karimu, makaɗan nan duk sun bi shi ɗaya bayan ɗaya, sai rediyo ya maye gurbinsu, sai kaset, sai ɗan katin nan da ake zura wa waya.

Ranar da katin Habibu ya mutu da duk waƙoƙinsa a ciki, sai ya kai kukansa wajen Solange. Solange 'yar Poli ce, mace mai kusan shekara arba'in, tana da kiyos, wato ɗan shago, a bakin kasuwa inda take cajin waya da gyara wa mutane abin da suka dagula a cikinta. Hausarta ta kasuwa ce, gauraye da Faransanci da Fulatanci, amma ba ta rasa abin faɗa. Ta ce masa kati ya zama tsohon yayi, ta sa masa wata manhaja ta sauraron waƙa wadda ake sabunta wa abonma, wato kuɗin rajista, duk wata. Ta yi masa bayani dalla-dalla, har sau biyu. In waƙa ta yi masa daɗi, ya taɓa 'yar zuciyar nan da ke gefe. In ba ta yi masa ba, ya taɓa kibiya ya tsallake ta. Da haka abin zai gane irin wadda yake so, ya riƙa kawo masa danginta, shi ke nan ya ci moriyar abonmansa.

Habibu ya gyaɗa kai, ya ce ya gane sarai. Da Solange ta san irin ganewar da ya yi, da ta ƙwace wayar ta sake masa kati.

Ya sa wayar a farar leda saboda jini da kitse, ya rataye ta a ƙusa kusa da sikeli. Tun daga lokacin da nama ya iso daga abbatuwa har ya wanke gungumen sara, waƙa ba ta tsayawa sai an kira salla, domin ko masu kalangu suna ajiye makaɗi in ladan ya ɗaga murya. Kowace waƙa sai ta kai ƙarshenta. In ta dire, sai ya goge ɗan ƙaramin yatsansa a jikin riga, ya taɓa zuciya. A ganinsa mutum ya zo gaban teburinsa ya buɗe baki ya yi waƙa, ba dama a miƙa masa hanta ta cikin waya, to ga abin da aka tanada a ba shi. Kibiyar tsallakewa kuwa bai taɓa kallon inda take ba.

Ita manhaja ba ta san Karimu ba, ba ta san dokarsa ba. Ta ga mutum ya so waƙar Hausa, ta ƙaro masa. Ta gwada shi da ta Fulani, ya so. Ta jefo masa kiɗan makosa daga Duwala, ya so. Daga nan sai ta saki jiki. Ta kawo masa mawaƙan coci, ta kawo masa Indiyawa, ta kawo wasu samari masu ihu da wani yaren da ko Solange ba ta san ƙasarsu ba, ta kawo waƙar rarrashin jarirai. Wata rana a tsakiyar watan Maris, lokacin da zafin Garwa ke narka kwalta, ta sako masa ƙarar ruwan sama zalla, awa guda cur, irin wadda ake sa wa masu fama da rashin barci. Mata suka riƙa ɗaga kai suna duban sama da kwandunansu a hannu. Habibu ya saurara har ɗigon ƙarshe, ya goge yatsa, ya taɓa zuciya. Da maƙwabcin teburinsa Youssouf ya tambaye shi wannan kuma wa ya ba, sai ya ce ai wani ne ya tsaya cikin ruwa ya ɗauko, shi ma ya yi ƙoƙari.

Youssouf ne ya kai ƙararsa wajen Solange, ya ce ta zo ta kwance abin da ta ƙulla, kansa ya kusa tsagewa. Ta rufe kiyos ta zo da kanta, ta sake bayani daga farko. Ta ce zuciyar nan ba ta isa wajen kowa, alama ce kawai da yake yi wa kansa. Ta ce wanda ya ce yana son komai daidai yake da wanda bai ce komai ba, shi ya sa abin ya ruɗe. Habibu ya saurare ta har ta gama, domin ita ma ba zai katse ta ba, ya yi mata godiya, ya yanko mata tsoka mai kyau ya ƙulle a takarda. Sannan ya ce, “'Yata, ni ba a rene ni in rufe wa mutum baki yana tsakiyar magana ba.” Ta tafi tana ƙunƙuni da Faransanci, naman kuma ba ta bar shi ba.

Ana cikin wannan hali ne abin ya faru, wata safiya da aka kawo shanun garin Tinyer masu ƙiba, kasuwa ta cika maƙil. Wata waƙa ta ƙare, sai aka ji shuu irin na tsohon kaset, sai hayaniyar kasuwa ta wani zamani, sai kalangu ya shigo. Habibu ya ɗaga gatari zai sara ƙashi, hannunsa ya tsaya a sama. Ya san wannan kiɗan tun kafin ya san sunansa. Can sai wata murya mai kaushi ta ce, “Karimu na Mokolo, mijin Salamatu, mai tebur a bakin ƙofa.” Ashe a can baya wani ya taɓa zagaya kasuwar da na'urar ɗaukar sauti, ya kwashe abin da ya kwasa ya tafi da shi ƙasarsu, shekaru suka binne shi, sai ga shi ruɗewar manhaja ta tono shi. Habibu ya tsaya ƙiƙam, hawaye na bin gemunsa, mai sayen nama tana ta maimaita kilo nawa take so. Da kiɗan ya dire ya taɓa zuciya, wata waƙar ta hau, ya ci gaba da sara.

A nan ne duk mai hankali zai jefar da gatari ya ruga wajen Solange, ta duba masa sunan abin tun yana kan fuskar waya. Habibu bai je ba. Ya tabbata a ransa cewa makaɗin da ka yi wa kyauta ya san hanyar teburinka, zai dawo da kansa. Ya jira shi sati guda, ya jira wata guda. Indiyawa suka dawo, ruwan sama ma ya dawo har sau biyu, kalangu bai dawo ba. Haka ya shafe wata uku bai gaya wa kowa ba.

Sai mahaifiyarsa Inna Salamatu ta zo daga Mokolo a cire mata yanar ido. Ta haura tamanin, kunnenta na hagu ya riga ya tafi, na dama ma sai an matso an ɗaga murya. Tun da ta sauko daga mota ta ce wannan ce zuwanta Garwa ta ƙarshe, ƙashinta ba zai sake ɗaukar hanyar nan ba, kuma ranar Alhamis ta sama za a mayar da ita kafin damina ta sauka. Ba ta da hoton mijinta ko ɗaya, ɗan wanda ke jikin katinsa na shaida gara ta cinye shi tuntuni. Habibu ya durƙusa kusa da kunnenta na dama ya ba ta labarin abin da ya ji. Ta ce mafarki ya yi, zafin Garwa ne ya taɓa shi. Ya rantse. Sai ta ce in dai gaskiya ne to ya jiyar da ita kafin ta tafi. Kwana tara suka rage.

Yanzu ne ya ga dama ya je wajen Solange. Ta rubuta kalangu a wajen nema, babu. Ta rubuta Karimu, ta rubuta Garwa, ta rubuta Mokolo, aka kawo mata abubuwa da yawa, babu wanda ake nema. Ta duba jerin abin da ya saurara kwanan nan, jerin bai kai wata uku baya ba. Sai ta tambaye shi ko ya taɓa wa kiɗan zuciya, ya ce ƙwarai kuwa, fuskarta ta washe, ta ce to an gama, yana cikin zaɓaɓɓunsa. Ta buɗe zaɓaɓɓun. Waƙa dubu biyar da ɗari uku da 'yan kai. Solange ta ajiye wayar a hankali, ta fita waje ta sha iska, ta dawo.

Duk da haka ta samo masa hanya, don mace ce mai kai. Zaɓaɓɓun suna jere ne bisa yadda ya taɓa su, na yau a sama, na bara a ƙasa. Ta tambaye shi wane sati ne, ya ce satin shanun Tinyer, alhali shanun Tinyer kusan duk sati ake kawo su. Ta yi kirdado, ta ware masa wajen waƙa dubu da ɗari biyar, ta ce yana nan tsakaninsu. Ta ce aikin kwana biyu ne. Ya sa waƙa, in ya ji farkonta ba kalangu ba ne ya tsallake, ya sa ta gaba.

Habibu ya ce ba zai iya ba. Ya ce mutanen nan ya riga ya karɓe su baƙunci sau ɗaya, yanzu kuma ya kira su da kansa, su buɗe baki ya toshe? Zai saurara, Allah zai kawo shi da wuri. Solange ta ce masa a cikinsu akwai waƙar da ke cin minti ashirin, akwai ruwan sama na awa guda har kashi uku. Ya ce ya sani. Ta ce to bari ita ta riƙa tsallake masa tsakanin masu caji. Ya ce ko da hannun wa aka yi, a gabansa aka yi. Ya ɗauki wayarsa ya koma tebur, ya fara daga saman abin da ta ware, yana sauraron kowace har ƙarshe. Wallahi da ka gan shi a kwanakin nan, yana sara nama da kunne a miƙe, wani Ba'indiye na ta jan baiti ba ya da niyyar direwa, da ka rasa ko tausayinsa za ka ji ko ka ƙwace wayar ka jefa ta kogin Binuwai. A kwana shida bai ci kashi ɗaya cikin uku ba.

Ranar Litinin da yamma ya koma gida ya tarar Inna tana zaune a tabarma tana ƙulle 'yan kayanta a zane. Idon da aka yi wa aiki ya buɗe, tana ganinsa tar, ta ga yadda ya rame. Ba ta kiran sunansa, don shi ne ɗanta na fari. Ta ce, “Kai, ka bar wahalar da kanka. Na yafe. Kunnen ma ya kusa rufewa, ko ka samo ba lalle in ji ba.” Ta faɗa ne ba da fushi ba, ta ci gaba da ƙullinta. Wannan maganar ta yi masa ciwon da faɗan Solange bai taɓa yi masa ba, tuwon ma bai iya ci ba.

Talata da sassafe ya bar wa Youssouf teburinsa, abin da bai taɓa yi ba sai ranar jana'iza, ya je ya zauna a bencin Solange ƙarƙashin dogon yaro. Ya sa waƙa. Wata mata ce ta fara rera wani abu mai taushi. Yatsansa ya daɗe yana shawagi a kan kibiya. Can ya ce, “Gafarta mini, baiwar Allah, uwata ce za ta tafi,” ya danna. Matar ta yi shiru, wani ya hau. Shi ma ya ba shi haƙuri ya danna. Haka ya yi wa kowa, ɗaya bayan ɗaya, har da ruwan sama. Solange ta ce masa ban haƙurin ya fi sauraron cin lokaci, ya rage shi. Ya rage shi zuwa “yi haƙuri”, daga nan kuma ya ƙi sauka. Gumin da ya yi a bencin nan bai taɓa yin irinsa ba ko ranar da ya kayar da bijimi shi kaɗai. Masu kawo caji suka riƙa tambayar Solange da Fulatanci ko lafiya dattijon nan, ta ce su bar shi, aiki yake yi.

Sai ranar Laraba bayan azahar shuu ɗin nan ya fito. Yatsan ya riga ya saba, saura kaɗan ya danna, Solange ta cafke masa hannu. Kalangu ya shigo. Ta karanta masa sunan da aka rubuta da Faransanci: kasuwa, arewacin Kamaru, makaɗin da ba a san sunansa ba, lamba bakwai. Ba Garwa, ba kalangu, ba Karimu, shi ya sa nema bai kawo shi ba. Ta sauke shi cikin wayar don ya yi ko babu rezo, wato sabis ɗin waya, ta buɗe masa jeri na musamman ta sa shi shi kaɗai. Ta ce in ya sake ɓatar da shi kada ya ƙara bi ta gaban kiyos ɗinta.

Bayan la'asar ya durƙusa a tsakar gida ya riƙe sifikar dab da kunnen Inna na dama, ya ƙure ƙara. Da farko fuskarta ba ta nuna komai ba, har gabansa ya faɗi. Sai ya ga yatsunta sun fara bin kiɗan a kan gwiwa. Da aka ce mijin Salamatu, ta ja mayafi ta rufe baki, irin na amaryar da aka ambaci sunanta a gaban manya. Wajen ƙarshe akwai wata dariya a bayan kalangun, da muryar wani yana cewa a ba makaɗin hanta, wadda Habibu ya ɗauka hayaniyar kasuwa ce kawai. Inna ta kama hannunsa ta ce, “Shi ne. Babanku ne wannan.” Ta sa ya mayar, ya mayar, har sau huɗu, tana kuka a hankali da idon da likita ya ce kada ta bari ruwa ya taɓa.

Da ta share fuska sai ta tambayi sunan da aka rubuta wa makaɗin. Ya ce an ce ba a san sunansa ba. Ranta ya ɓaci, ta ce wane ne bai san Mahmudu na Yelwa ba, mutumin da ya yi kiɗan bikinta, wanda 'yarsa Amatullah take tuyar ƙosai a bakin masallacin unguwar. Sannan ta ce, “To me ka ba shi?”

Habibu ya nuna mata 'yar jar zuciyar a fuskar waya, yana jin daɗin cewa ko a nan bai saɓa wa dokar gidansu ba. Ta ƙura wa abin sabon idonta. Ta tambaye shi ruwan saman nan da ya sa musu ranar Juma'a har ta sa aka kwashe shanya, shi me ya ba shi. Ya ce ita ce dai.

“Abin da ka ba ruwan sama,” in ji Inna, “shi ka ba wanda ya kira sunan ubanka?”

Shekara guda Solange tana gaya masa wannan maganar da Hausa da Faransanci da Fulatanci, ba ta shiga ba sai yau.

Alhamis da safe ya raka Inna tasha, ya sake sa mata kiɗan a kunne har direba ya gaji da yin ham. Daga nan ya wuce tebur, ya ɗauki hanta guda sukutum, ya yanko rabin cinya, ya hau babur zuwa Yelwa. Ya sami Amatullah inda aka ce, dattijuwa mai furfura a gefen ɗankwali, tana juya ƙosai a kasko. Ta dubi naman ta ce ya yi ɓatan kai, ita ba ta aika a kawo mata komai ba. Ya ce na mahaifinta ne, daga teburin Karimu, ya ɗan makara. Ya ajiye sifikar a kan benci ya kunna.

Ta san muryar tun kafin ta gama fitowa. Matsamin ya tsaya a hannunta, ƙosan ya yi ja, ya yi baƙi, hayaƙi ya tashi. Wani mai saye ya buɗe baki zai yi magana, Habibu ya ɗaga masa hannu, ya yi shiru. Suka tsaya su duka har Mahmudu ya dire kiɗansa da kansa.

Sai manhaja ta sako wani saurayi da gangunansa, ya shigo da ƙarfinsa. Amatullah ta ɗago ido ta dubi Habibu. Habibu ya goge ɗan yatsansa a jikin riga, ya ce wa saurayin ya yi haƙuri, yau akwai mai gida a wurin, ya katse shi ya mayar mata da ubanta daga farko.